Yadda na gyara rawar injin tsohuwar Land Cruiser ɗina

Land Cruiser FJ40 ce, mai injin 2F, silinda 6. Da safe lafiya lau take tashi, amma da zarar ta ɗauki zafi sai injin ya kama rawa a silo, salansa na tari, wani lokaci ta mutu gaba ɗaya.

Na wanke kafireta, na sauya fulogi da matatar mai, na duba tayimin ya zauna a digiri 7. Duk a banza.

Abin da ya fara ba ni haske shi ne shirun injin. Irin wannan injin yana da ɗan ƙas-ƙas na tafet (ƙarar da 'yar tazarar da ke kan bawul ke bayarwa), nawa kuwa ko kaɗan babu. Na bar shi ya yi zafi sosai, na kashe, na cire murfin bawul. Da na zura ma'aunin tazara a bawul ɗin hayaƙi na silinda 3 da 4, ko na milimita 0.10 ya ƙi shiga. Ashe da zafi ƙarfen na miƙewa, bawul ya kasa rufewa ruf.

Na juya injin da hannu har fistan na 1 ya kai ƙololuwa, bawul biyun a rufe. Na sassauta noti, na murɗa sukurun daidaita tazarar bawul har ma'aunin ya riƙa shiga da ɗan ja: milimita 0.20 a na shigar mai, 0.35 a na hayaƙi. A riƙe sukurun da sukundireba yayin ɗaure noti, in ba haka ba zai goce. Sai na bi silindodin a jerin 1-5-3-6-2-4, ina juya injin digiri 120 kowane karo, na rufe da sabon gasket.

Alhamdulillahi, minti 40 tana silo ba ta girgiza ba.