Yadda Marubuci Zai Sarrafa Sanannun Dabarun Labarin Sihirin Kiɗa

Duk mai karanta labaran al'ajabi na matasa da ake yin sihiri a cikinsu da kiɗa ko waƙa, zai lura da wasu abubuwa da ke yawan dawowa: maraya mai baiwar da bai san da ita ba, sarewa ko gogen da aka gada, masarautar da aka haramta kiɗa, da waƙar da ba a rera ta sai a babin ƙarshe. Ba lallai ne marubuci ya guje musu ba, domin sun girmi littattafan yau nesa ba kusa ba. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya ɗora wa kowannensu sharaɗi da dalili.

Kafin a rubuta babin farko, a zauna a tsara ƙa'idar sihirin: abin da kiɗan zai iya, abin da ya fi ƙarfinsa, da inda ƙarfin yake, ko a murya ne, ko a kayan kiɗan, ko a kalmomin waƙar. A tatsuniyar Girkawa, Orfiyus ya tausasa zuciyar sarkin duniyar matattu da kiɗansa har aka mayar masa da matarsa bisa sharaɗin kada ya waiwaya a hanya, kuma wannan sharaɗin ne ya raya labarin har yau. Haka nan Odisiyus ya toshe kunnuwan matuƙan jirginsa da kakin zuma don kada waƙar matan teku ta halaka su. Idan toshe kunne yana karya sihirin labarinka, mai karatu zai tambayi abin da ya hana abokan gaba yin haka tun da wuri, kuma dole ka tanadi amsa.

Sai kuma diyyar da sihirin yake karɓa. An cika amfani da rasa murya har ta daina tsorata kowa. Ya fi kyau a nemi asarar da ke ci a hankali, misali jarumar da jinta ke raguwa duk lokacin da ta kaɗa, ko wadda kowace waƙar sihiri ke shafe mata tunanin wanda ya koya mata ita.

A ganina, babban raunin irin waɗannan labarai shi ne baiwar da ba ta sha wahala ba. Yarinya ta ɗauki goge yau, gobe ta kayar da gwanayen da suka yi shekara talatin suna koyo. Maganinsa shi ne a nuna aikin kusa da kusa: kantar da ta fito a yatsu, tsirkiyar da ta tsinke ana tsakiyar kiɗa, numfashin da ya ƙare kafin baiti ya cika. A bar ta ta yi kuskure mai tsada, ta nufi sa mai gadi barci, amo ɗaya ya kauce, ƙaninta da ke riƙe da fitila ya zube a ƙasa. Kayan kiɗan gado ma a gwada raba ta da shi. A cikin Kalevala, tarin waƙoƙin gargajiyar Finland da aka fara bugawa a 1835, gwarzon mawaƙin ya ƙera abin kiɗansa da muƙamuƙin ƙaton kifi, abin kiɗan ya faɗa cikin teku, sai ya sassaƙa wani da itace.

Sarkin da ya haramta kiɗa kuwa, kada a mai da shi mugu kawai. Almarar garin Hamelin na Jamus ta ce a 1284 wani mai busa sarewa ya tafi da yara 130 bayan an hana shi ladan korar ɓeraye, kuma har yanzu akwai titi a garin da al'ada ta hana kiɗa a kansa. Mai mulkin da ya gaji irin wannan rashi yana da hujjar da za ta sa jarumar ta yi shakkar kanta.

Abu mafi wuya shi ne mai karatu ba ya jin sauti daga takarda. Cewa waƙa tana da daɗi ko tana ratsa zuciya ba ya isar da komai, don haka a rubuta abin da ta yi wa masu sauraro: sojan da ya sauke mashinsa ba tare da ya sani ba, ko tsohuwar da ta kira sunan ɗanta da ya daɗe da rasuwa. Baitocin waƙar su kasance kaɗan, layi biyu ko huɗu, kuma idan akwai waƙar da za ta warware rikicin a ƙarshe, a sa wani ya rera guntunta tun a farkon littafin, a wurin da ba wanda zai ɗauke ta da muhimmanci.