Yadda Za a Kare Cajin Motar Lantarki Idan An Ajiye Ta Cikin Tsananin Sanyi

Duk wanda ya ajiye motar lantarki a Toronto ko Oslo a watan Disamba, ya tafi ganin gida Kano ko Damagaram na tsawon makonni, zai dawo ya tarar cajinta ya ragu ko da ba a motsa ta ba. Mutane kan ɗora laifin kacokan a kan sanyi, alhali sanyi shi kaɗai ba ya zuƙe batirin da yake kwance babu abin da ke jan wuta daga gare shi, hasali ma yana rage saurin da batir ke zubar da cajinsa da kansa. Abin da ke cin wutar shi ne ayyukan da motar ke ci gaba da yi bayan an kulle ta, wato kwamfutarta da kyamarorinta da sadarwarta da intanet, sai kuma hitar da ke ɗumama batirin idan sanyi ya wuce kima.

Kafin a ɗauki wani mataki, ya kamata a bambance raguwa iri biyu. Akwai wutar da ta tafi da gaske, akwai kuma wadda sanyi ya kulle na ɗan lokaci. Idan batirin litiyom ya yi sanyi, ruwan sinadarin da ke cikinsa yakan yi kauri, wutar ta riƙa fita da ƙyar, sai kwamfutar motar ta rage adadin da take nunawa. A motocin Tesla ana ganin alamar ƙwayar dusar ƙanƙara mai launin shuɗi kusa da ma'aunin caji, wadda ke nuna cewa wani kaso na wutar yana nan amma ba za a iya amfani da shi ba tukuna. Da zarar batirin ya yi ɗumi, wannan kaso yakan dawo. Saboda haka ba a yanke hukunci da adadin da aka gani da sanyin safiya, sai an yi ɗan tuƙi ko an ɗumama motar sannan a sake dubawa.

Mataki mafi amfani, wanda ya fi duk sauran idan an haɗa su, shi ne a bar motar a jone da wuta. Littafin jagora na Tesla ya nanata wannan, kuma ya ce a sa ran motar da ba a jone ba za ta rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na cajinta a kowace rana, gwargwadon yanayi da abubuwan da aka bari a kunne. Idan tana jone, duk abin da ta ci wajen ɗumama batir ko cika ƙaramin batirinta na biyu mai kunna kwamfuta, wutar gida ce ke mayar mata da shi. Ba a buƙatar babbar caja don wannan aiki, soket na gida ma ya wadatar, muddin wayarinsa lafiyayye ne kuma ba a ratsa wutar ta doguwar waya mai araha ba. Sai dai a san iyakarsa. Soket ɗin Amurka da Kanada mai bolt 120 yana bayar da kimanin kilowat 1.4 ne kawai, kuma a daren da sanyi ya tsananta yawancin wannan wuta takan tafi wajen ɗumama batir, har a wayi gari caji bai ƙaru ba. Wannan ba matsala ba ce ga motar da aka ajiye, tunda manufar ita ce kada cajin ya yi ƙasa.

Jonawa ba ta nufin a cika batir maƙil a bar shi haka. Batirin litiyom ya fi saurin tsufa idan ya daɗe a cike ko ya daɗe a kusa da ƙarewa, don haka idan za a bar motar a jone, a saita iyakar caji tsakanin kashi 50 zuwa 60. Idan kuwa babu inda za a jona ta, lissafin ya sauya, domin dole ne a bar mata guzurin da zai kai ta ranar dawowa. Mai tafiyar kwana 30 ya ƙaddara zai rasa kashi 30, ya ƙara abin da hitar batir za ta iya ci, ya kuma ƙara abin da zai kai shi caja mafi kusa cikin sanyi. Ajiye ta da kashi 80 ya fi kwanciyar hankali, kuma a ganina ɗan tsufan da batir zai yi a wata guda bai kai haɗarin barinsa ya sauka sifiri ba, domin batirin da ya daɗe a sifiri yana iya lalacewa, kamfanoni kuma kan ƙi ɗaukar nauyin irin wannan lalacewa a garanti. Motocin da ke da batir samfurin LFP, wato nau'in batirin litiyom mai sinadarin ƙarfe da fosfat, suna da ɗan bambanci: sanyi ya fi rage musu kuzari, kuma ma'auninsu yakan yi kuskure idan an daɗe ba a cika su ba, shi ya sa ya kamata a cika su kashi 100 sau ɗaya bayan an dawo domin kwamfutar ta daidaita lissafinta.

Daga nan sai a koma kan abubuwan da ke hana motar barci, kuma a nan ne yawancin asarar take. Motar lantarki takan kashe kwamfutocinta bayan an kulle ta, ta shiga yanayin da ba ta jan wuta sai kaɗan. Tsarin tsaro mai ɗaukar hoto, irin Sentry Mode na Tesla, yana hana hakan, domin kyamarori da kwamfuta suna aiki dare da rana. Lissafin mai sauƙi ne: duk abin da ke jan wat 200 ba tsayawa zai cinye kilowat-awa 4.8 a kwana guda, wato kashi 8 cikin 100 na batir mai kilowat-awa 60. Tesla ta tsara Sentry Mode ya kashe kansa idan caji ya sauka kashi 20, amma wanda ya dawo ya tarar da daskararriyar mota mai kashi 20 ya riga ya shiga wahala. A kashe shi idan wurin yana da tsaro, ko a zaɓi wurin ajiya mai gadi. A kuma soke jadawalin ɗumama mota na kowace safiya, wanda mutane da dama kan manta da shi, motar ta yi ta ɗumama kujerun da babu kowa a kansu har mai ita ya dawo.

Manhajar waya ma tana da nata laifin. Duk lokacin da aka buɗe ta don duba caji, tana iya tada motar, kuma motar takan ɗauki lokaci kafin ta koma barci, ta yadda mai yawan leƙawa saboda fargaba shi ne ke ƙara jawo abin da yake tsoro. Dubawa sau ɗaya a mako ta isa. Manhajojin wasu kamfanoni na daban da ke tattara bayanan tuƙi sun fi muni, domin wasunsu suna taɓa motar a kai a kai, kuma sauya kalmar sirri ta asusun motar kafin tafiya yakan yanke su. A cire kyamarar gilashi da aka saya daban da duk wata na'ura da aka soka a kafar gwajin kwamfuta da ke ƙarƙashin sitiyari. Idan motar tana garejin gida, a nisanta makullinta daga gare ta, domin kusancinsa yana iya tada ta.

Akwai batir na biyu da sababbin masu motar lantarki ba su cika sanin da shi ba, wato ƙaramin batir, wanda a yawancin motoci na dalma ne mai bolt 12 irin na motar fetur. Shi ne ke buɗe ƙofa, ya kunna kwamfuta, ya kuma haɗa makunnin da ke sada babban batir da sauran motar. Idan ya mutu, motar ba za ta tashi ba ko da babban batirin yana cike. Motar takan farka lokaci zuwa lokaci ta cika shi daga babban, amma da yawa suna daina hakan idan babban ya yi ƙasa sosai. Sanyi kuma ya fi yi wa batirin dalma illa, domin cikakke yana jure sanyin da ya wuce digiri 50 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, amma wanda cajinsa ya ƙare, ruwansa yana iya daskarewa da 'yan digiri kaɗan ƙasa da sifiri, har kwanonsa ya tsage. Idan ya haura shekara 3, a sa bakanike ya gwada shi kafin sanyi ya shigo. Yana da kyau a duba ko akwai kiran gyara a kan motar, kamar wanda Hyundai da Kia suka yi a Amurka a 2024 saboda na'urar da ke cika ƙaramin batir a motoci irin su Ioniq 5 da EV6. A kuma karanta tun kafin tafiya yadda ake buɗe ƙofa da bonet idan babu wuta, a ajiye ƙaramar na'urar tada batir a gida ko a jaka, domin wadda aka kulle cikin motar da ta ƙi buɗuwa ba ta da amfani.

Wurin ajiya yana da tasiri. Gareji ko filin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, ko da babu hita, yakan fi waje ɗumi sosai. Tesla ta yi gargaɗin kada a bar motarta fiye da awa 24 a sanyin da ya wuce digiri 30 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, Nissan kuma ta ce kada a ajiye motarta samfurin Leaf fiye da kwana 7 a sanyin da ya wuce digiri 25 ƙasa da sifiri. Sanyin hunturun Kano ko Jos bai kai ko kusa da wannan ba, a can zafin bazara ne abin gudu, inuwa ce kuma maganinsa.

Ranar dawowa, kada a nufi caja mai sauri kai tsaye da daskararren batir. Tura wuta da ƙarfi cikin batirin da sanyinsa ya kai ƙasa da sifiri yana sa litiyom ya taru a saman farantinsa ya rage masa ƙarfi har abada, shi ya sa motar takan ƙi karɓar caji ko ta karɓa a hankali har sai ta ɗumama shi. Abin da ya faru ke nan a Chicago a watan Janairun 2024, lokacin da masu motoci suka yi dogon layi a wuraren caji, wasu har batirinsu ya ƙare suna jira. A fara ɗumama motar ta manhaja tun tana jone, na minti 30 ko fiye idan sanyin ya yi tsanani. Idan ba a jone take ba, a saka wurin cajin a taswirar motar, domin motoci da yawa suna fara ɗumama batir da kansu idan sun san can aka nufa. A farkon tuƙi birkin da ke mayar da wuta cikin batir ba zai kama kamar yadda aka saba ba, don haka a bar tazara a kuma yi amfani da birkin ƙafa. A duba iskar taya kafin a hau babban titi, domin sanyi da doguwar ajiya suna rage ta.