Yadda ake hana damshi cin gindin bango, na bulo ne ko na laka

Wanda ke zaune kusa da fadama a Argungu ko Birnin Kebbi ya san wannan ciwo. Da an shiga watan Agusta sai gindin bango ya yi duhu, fenti ya kumbura, wani farin gari mai kama da kanwa ya feso. Ruwan ƙasa ne ya hau bangon ɗauke da gishiri. Bulo ma yana shan ruwa, ya dai fi laka jinkirin nuna ciwonsa ne.

Fara da ɗaga harsashi ya haura tsakar gida da aƙalla taku guda. Kafin a ɗora layin farko na bulo, a shimfiɗa leda mai kauri a kansa, bakin kowace ya hau kan 'yar'uwarta. Nan ne ake yawan tsumulmula, kuma nan ne ruwa ke samun hanya.

Wajen kwaɓin kankare, kwano 1 na siminti, 2 na yashi mai tsabta, 4 na tsakuwa. Tsaya a kan leburori da kanka, don suna son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin zubawa. Ruwan nan in ya bushe, ƙananan ramuka yake bari, ta nan damshi ke kai wa ga rodi ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki. A rufe rodi da kaurin yatsu biyu na kankare.

Sai ban ruwa safe da yamma, kwana 7 ba fashi. A zafin Afrilu lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ƙarfinsa ba ya kama jiki sosai sai wajen kwana 28.

In bangonka na laka ne, don Allah kada ka yi masa filasta da siminti. Laka tana shan damshi ta fitar da shi, siminti kuwa kulle shi yake a ciki, har wata rana filastar ta ɓallo fala-fala da rabin bangon. Yi abin da maginan gargajiya suke yi: jiƙa ɓawon ɗorawa, wato makuba, har ruwan ya yi ja, a kwaɓa jar ƙasa da shi a yi yaɓe kafin ruwan farko. Sannan ka tsawaita indararo ya riƙa zuba nesa da gindin bango.