Rediyon jami'a a Birtaniya: abin da sabon ɗalibi ya kamata ya sani kafin ya zauna gaban makirufo

Bahaushe da rediyo sai Allah. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa kunnenmu ke manne da akwati, shi ya sa duk ƙarshen Satumba, a makon da ƙungiyoyin ɗalibai ke baje kolinsu, ba a rasa 'yan uwanmu a teburin gidan rediyon jami'a. Ku shiga, babu laifi. Yaranmu sun iya zance, sun iya jan hankalin mai sauraro, kuma babu inda baƙo ke saurin yin abokai da gyara harshensa kamar situdiyo. Abin haushin shi ne ramin da na bara suka faɗa, shi na bana ke nufa da gudu.

A shekarun 1960 BBC kaɗai ke da izinin watsa shirye-shiryen rediyo a ƙasar. Masu son kiɗan zamani sai su kama tashoshin da ke watsawa daga jiragen ruwa a teku, har gwamnati ta yi dokar da ta murƙushe su a Agustan 1967. A shekarar ce ɗalibai a Jami'ar York suka samo lasisin gwaji da sunan Radio Heslington, sunan ƙauyen da jami'ar take. Daga nan aka sami URY, wato rediyon Jami'ar York, tasha ta farko a Birtaniya da ta yi aiki bisa doka ba a ƙarƙashin BBC ba, tun kafin LBC ta buɗe rediyon kasuwanci a Landan a 1973. Waya suka riƙa shimfiɗawa a kewayen ɗakunan kwanan ɗalibai, siginar ba ta wuce gine-ginen ba. Jami'o'in Warwick da Bath suka bi sahu a farkon shekarun 1970. Yau galibin tashoshin a intanet suke, kaɗan na da ƙaramin zango a AM ko FM, wasu kuma kan karɓi lasisin wucin gadi na kwana 28 daga Ofcom, hukumar da ke sa ido a kan kafafen watsa labarai tun 2003.

A gida mun saba tashar jami'a tana hannun hukumar makaranta, malaman sashen aikin jarida ne ke juya ta. A nan yawanci ƙungiya ce a ƙarƙashin ƙungiyar ɗalibai, mai karanta injiniya ko haɗa magunguna ma yana iya zama manaja. Duk shekara ake zaɓen kwamiti: manajan tasha, mai tsara shirye-shirye, shugaban kiɗa, shugaban labarai, da mai kula da na'urori. Shiga ba wuya. Ka biya 'yan fam na rajista, a yi maka horo, ka naɗi gwaji, ka nemi fili na awa ɗaya a mako. Sabon shiga ba ya samun lokaci mai kyau, kada ka ɗauka wariya ce.

A situdiyo abu uku ke ba sababbi kunya. Jan fitila ta kunnu, makirufo a buɗe yake, duk abin da ka faɗa wa abokinka duniya ta ji. Kada ka cire hedifon, domin lasifikar ɗakin kan mutu da zarar an buɗe makirufo, ba za ka san waƙa ta ƙare ba. Idan shiru ya yi tsawo, a tashoshi da dama kwamfuta ce za ta ƙwace filin ta sa kiɗa, ka yi ta surutu kai kaɗai. Bar tazarar kamu ɗaya tsakanin bakinka da makirufo, kuma idan allurar sauti na dukan ja, rage.

Yanzu ga inda ake ƙonewa, wato biza. Bizar ɗalibi mai karatun digiri ta yarda da aikin awa 20 a mako lokacin karatu, ƙasa da digiri kuma awa 10. Makon daga Litinin zuwa Lahadi ake ƙirga shi, ba a haɗa makonni biyu a raba. Mai digiri na biyu ya lura: watannin rani da kake rubuta kundi, a yawancin jami'o'i lokacin karatu ne, ba hutu ba. Gabatar da shirinka na sha'awa a tashar ɗalibai, ba biya ba kwantiragi, ba ya cikin wannan lissafi. To amma aikin sa-kai iri biyu ne a idon Ma'aikatar Cikin Gida. Wanda ka ga dama ka je, ka ga dama ka fasa, ba a ƙirga shi. Wanda aka ɗaure ka da sa'o'i da wajibai, ko ake saka maka da wani abu a madadin albashi, yana cin awanninka ashirin ko da ba a ba ka ko kwabo ba. Wannan ya fi tasowa a tashoshin al'umma na cikin gari, inda za a miƙo maka takardar yarjejeniya. Kafin ka sa hannu kai ta ofishin ba da shawara ga ɗaliban ƙasashen waje, kyauta ne, kuma ka nemi amsarsu a rubuce.

Akwai abin da bizar ta hana gaba ɗaya, ko na minti goma ne: sana'ar kai, kasuwanci, da aikin nishaɗantarwa don kuɗi. A nan farin jini ke jawo wa mutum. Shiri ya karɓu, an san muryarka, sai wani babban yaya a gari ya kira: "Ƙanena, ranar Asabar akwai walimar suna, kai za ka riƙe mana makirufo." Ka je, ka yi, a soke maka ambulan a aljihu ko a yi maka liƙi. Ka zama mai sana'ar kansa, ka kuma zama mai nishaɗantarwa, laifi biyu a dare ɗaya, ga bidiyo yana yawo a Facebook. Haka mai shagon kayan abinci da zai tura maka fam hamsin don ka ambaci shagonsa, haka kunna talla a tasharka ta YouTube, haka aika wa wani gidan rediyo a gida rahoto ana biyanka a naira. Inda kake zaune lokacin da ka yi aikin ake dubawa, ba inda kuɗin suka shiga ba. Jami'a kuwa ita ta tsaya maka, wajibinta ne ta kai rahoto idan ta gano, kuma abin na iya kaiwa ga soke biza ko ya biyo ka a neman ta gaba. Idan babban mutum ya matsa, ka yi masa aikin don zumunci, ka ce kuɗin a bar su. Idan talla ce, haɗa shi da kwamiti, kuɗin su shiga asusun ƙungiya. Kuɗin motar da ka kashe, da rasit, ana iya mayar maka. Mai son ya ci abinci da muryarsa ya jira bizar bayan kammala karatu, ita ta yarda da sana'ar kai.

Sai abin da ke fita a iska. Wasu na ganin tunda da Hausa suke magana babu mai ji. Tasha mai lasisin Ofcom dole ta ajiye duk abin da ta watsa na kwana 42, kuma idan ƙorafi ya zo, mai fassara ake nema. Mai ƙorafin ma sau da yawa namu ne. Ashar, cin zarafin wata ƙabila ko ɗarika, kiran wani ɓarawo ba hujja, duk suna da hukunci, kuma dokar ɓata suna tana aiki ko tashar a intanet kaɗai take. Maganar da ke gaban kotu a Birtaniya, kada ka yanke hukunci a kanta. Ranar zaɓe kuma ba a tattauna batun zaɓen sai an rufe rumfuna ƙarfe goma na dare. Masu shirin azumi su kula sosai: a 2017 Ofcom ta ƙwace lasisin Iman FM a Sheffield saboda laccocin Anwar al-Awlaki, malamin nan mai alaƙa da Al-Qaeda, da aka sauko da su daga intanet aka watsa a Ramadan, ba tare da an saurare su duka ba. Duk wa'azin da ba ka ji daga farko har ƙarshe ba, kada ya hau.

Kiɗa yana da nasa lasisin. Tasha na biyan PRS don marubuta waƙa, tana biyan PPL don mawaƙa da kamfanonin naɗa, shi ya sa ake rubuta kowace waƙa da aka sa. Waɗanda ka taho da su a waya, an tura ta WhatsApp har sautin ya dushe, ga tallar mai loda waƙa a tsakiya, kai wa shugaban kiɗa tsabtataccen kwafi da sunan mawaƙi, ka fassara masa abin da ake faɗa. Waƙar siyasa mai zambo bar ta a wayarka. Lasisin watsawa kuma bai rufe fodkas ba, idan za ka ɗora shirin a saukar da shi, yanke waƙoƙin.

Idan shirin Hausa zalla kake so, mai tsara shirye-shirye zai fi saurin amincewa in kun zo ku biyu, da takarda ɗaya mai bayanin abin da za ku yi minti-minti, da alkawarin taƙaita masa kowane shiri da Turanci. Fili kuma amana ne: fashi biyu ko uku ba sanarwa, a ba wani. Za ka gida hutu, naɗi shirin ka bari. Masu sanar da 'yan gida lokaci su tuna agogon nan na sauyawa. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris ɗaya yake da na Kano da Yamai, daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuwa shirin ƙarfe takwas a York ƙarfe tara zai same su.