Yadda Za Ka Shiga Digirin Harshen Sinanci da Al'adun Sin, da Abin da Ke Jiranka a Aji

Kafin ka cike kowace takarda, ka fara tsayar da magana ɗaya: a ƙasar Sin za ka yi wannan digirin, ko a wata ƙasa? Ƙofofin biyu ba irin mabuɗi ɗaya suke so ba, kuma nan ne na ga masu neman gurbi suka fi ruɗewa.

Yawancin jami'o'in da ke wajen ƙasar Sin ba sa bukatar ka iya Sinanci ko kalma ɗaya. Daga tushe suke ɗauko ka. Abin da za su duba shi ne sakamakonka na sakandare, da shaidar iya harshen da suke koyarwa da shi, da takardar da za ka bayyana dalilinka na son fannin. A Ingila shekara huɗu aka saba yi, ɗaya daga ciki a ƙasar Sin ko Taiwan. A Amurka jami'a ce ke fara ɗaukarka, sai daga baya ka zaɓi fannin, galibi kafin ƙarshen shekara ta biyu. Wanda ya taɓa karatun Sinanci kuwa, gwaji ake yi masa a ga ajin da ya dace da shi.

A ƙasar Sin lamarin ya bambanta. Idan da Sinanci za a koyar da kai, kamar yadda ake yi a Jami'ar Peking ko Jami'ar Harsuna da Al'adu ta Beijing da aka kafa a 1962, takardar HSK, wato jarrabawar gwada iya Sinanci ta ƙasar Sin, za a fara tambayarka. Tsarin da aka daɗe ana bi matakai shida ne: na huɗu na bukatar kalmomi kusan 1,200, na biyar 2,500. Da yawa suna karɓar mataki na huɗu, wasu sassan adabi kuma sai na biyar. A 2021 an fitar da sabon ma'auni mai matakai tara, don haka ka karanta sharuɗɗan shekarar da kake nema da idonka, kada ka dogara da labarin wanda ya shiga bara. Sakamakon HSK shekara biyu yake aiki wajen neman gurbi. Taiwan tana da tata jarrabawar, TOCFL.

Sauran takardun ba su da wuya, sai dai cin lokaci: fasfo, shaidar kammala sakandare da fassararta mai hatimi, takardar gwajin lafiya. In an ba ka gurbi za a aiko maka da fom JW201 ko JW202, da shi ake neman bizar ɗalibai ta X1. Mai neman tallafin gwamnatin Sin na digirin farko dole ya kasance ƙasa da shekara 25, kuma wanda Sinancinsa bai kai ba akan sa shi shekara guda ta share fage. Karatu a Satumba yake farawa, neman tallafi kuwa tun farkon shekara ake rufe shi.

To, samun gurbin shi ne mai sauƙin. Aikin yana cikin aji.

Darussan harshe sarƙa ce, kowane zango a kan na baya yake tsayawa. In ka faɗi na farko ba za a bar ka ka hau na biyu ba, kuma a wurare da yawa sai shekara ta zagayo za a sake buɗe shi. Makonnin farko na pinyin ne, wato rubuta sautin Sinanci da baƙaƙen boko, tsarin da ƙasar Sin ta amince da shi a 1958, tare da karin sauti huɗu. Ina roƙonka kada ka yi wa waɗannan makonnin riƙon sakainar kashi. Karin da ka koya a karkace a watan farko zai bi ka har shekarar ƙarshe.

Daga nan sai haruffan Sinanci su kansu. Za a ce ka sayi littafi mai gidaje murabba'i, kowane gida an raba shi huɗu da ɗige-ɗige. A ciki za ka riƙa zana harafi ɗaya har layi ya cika, kana bin tsarin jan alƙalami: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama. Kusan kowane mako akwai shifta. Malama ta furta kalma sau biyu, aji ya yi tsit, kai kuma kana ganin siffar harafin a zuciyarka amma hannu ya ƙi fito da shi. Maganin wannan ba ya wuce minti talatin na rubutu kullum. Kwana zaune a daren jarrabawa ba ya aiki a nan. Ka kuma tambayi wane rubutu sashen ke koyarwa, sauƙaƙaƙƙen da babban yankin Sin ya fara amfani da shi a 1956, ko na gargajiya da Taiwan da Hong Kong suka riƙe. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta sa'o'i 2,200 na aji ga mai jin Turanci kafin ya ƙware, ka ga awannin jami'a kaɗai ba za su isa ba.

Ɓangaren al'adu ya ƙunshi tarihi, falsafa, adabi, wani lokaci da fina-finai ko siyasar zamani. Za ka karanta koyarwar masana falsafa Konfushiyas da Laozi, waƙoƙin Li Bai da Du Fu na zamanin daular Tang, da marubuci Lu Xun da yunƙurin 4 ga Mayu na 1919, lokacin da marubuta suka koma rubutu da harshen da mutane ke magana da shi.

Kwas ɗin da ɗalibai suka fi gudu shi ne tsohon Sinanci na adabi, wanda akan fara a shekara ta biyu ko ta uku. Jimla mai haruffa takwas tana iya cinye sa'a guda ana warware ta. A wasu jami'o'in dole ne, a wasu ganin dama. Ni dai shawarata ka ɗauka. Karin maganar Sinanci masu haruffa huɗu da suka cika jaridu da jawaban shugabanni, daga can akasarinsu suka fito, kuma a shekarar ƙarshe, lokacin rubuta kundin kammala digiri, za a so ka kafa hujja da abin da ka karanta da Sinanci kai tsaye.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗin fom, ka nemi manhajar sashen ka duba abu uku: awa nawa ake yi na harshe a mako, ɗalibi nawa ne a ajin magana, kuma shekarar zuwa ƙasar Sin tana cikin tsarin ko kai za ka nemar wa kanka. In ba a rubuta ba, ka aika wa sashen wasiƙa ka tambaya.