Yadda Ake Kunna Saƙonnin Bincike na Zaren Aiki a GDB

Idan shirin da kake bincika yana gudanar da zaren aiki (threads, wato sassan shiri masu aiki kafaɗa da kafaɗa) da yawa a lokaci guda, amma GDB, manhajar binciko kurakurai a cikin shirye-shiryen kwamfuta, ya kasa nuna su, ba sai ka sake gina manhajar GDB ba, domin ana iya kunna saƙonnin bincikenta tana cikin aiki.

A Linux, GDB yana dogara ne da ɗakin ajiyar (library, wato fayil mai ɗauke da ayyukan da shirye-shirye ke amfani da su) mai suna libthread_db wajen gane zaren, saboda haka daga nan ya kamata a fara. Rubuta set debug libthread-db 1 kafin ka ba da umarnin run, tunda a farkon tashin shirin ne ake loda ɗakin ajiyar, kuma wanda ya makara ba zai ga saƙonnin lodawar ba. Saƙonnin za su nuna wuraren da aka duba da dalilin ƙin karɓar fayil, wanda zai iya zama rashin dacewarsa da ɗakin ajiyar zaren aiki (libpthread) da shirin ke amfani da shi. Idan haka ne, sai a gyara hanyar nema da set libthread-db-search-path.

Umarnin set debug infrun 1 kuwa yana bayyana yadda ake tsayar da kowane zare da sake sakinsa, sai dai surutunsa ya yi yawa, har yakan binne abin da ake nema. A ganina, gara a kunna shi dab da wurin matsalar, a haɗa da set debug timestamp on domin kowane layi ya zo da lokacinsa.

Da zarar an gama, a mayar da kowanne zuwa 0, sannan a tabbatar da show debug.