In kana son a gyara maka haɓa, ga yadda za ka bi

Abu na farko, tsaya gaban madubi ka cije haƙoranka. In na sama da na ƙasa ba su haɗuwa daidai, ko na ƙasa sun koma ciki sosai, to wataƙila matsalar ba haɓa ba ce, muƙamuƙi ne, kuma aikinshi daban ne, har da wayar haƙori ta wata da watanni. Mutane da yawa nan suke ɓata kuɗinsu.

Likitan da za ka nema shi ne na tiyatar baki da fuska, wanda a takardun asibiti ake rubuta maxillo-facial. Ka fara tambaya nan Maradi su duba ka su ɗauki radiyo, wato hoton ƙashi, in aikin ya fi ƙarfin nan su tura ka Yamai, wasu kuma Kano suke tahiya tunda ta fi kusa. Kuma a bari yaro ya kai kamar shekara 18, ƙashi ya gama girma.

Aikin iri 2 ne. Ko a sa maka ɗan silikon, wani abu mai kama da roba, bisa ƙashin, wannan ƙari kawai yake yi, ko a yanka ƙashin haɓar a turo shi gaba ko baya ko a rage tsawonshi sannan a ɗaure da ɗan ƙarhe na titaniyom da kusoshi, shi ne ya fi wuya amma naka ne, ba baƙon abu da zai goce ba. Ni dai shawarata ka tambaya ko za a iya yankawa ta cikin baki, ƙasan leɓe, don fatarmu akwai saurin yin tabo mai tudu, balle in kana da irinshi a kunne ko ƙirji.

Kar ka ɓoye ma likita komi: sikila, hawan jini, ciwon suga, asfirin da kake sha, har jiƙe-jiƙen gida. Taba kuwa a aje ta makonni kahin aiki, tana hana rauni warkewa.

Bayan aiki fuska za ta kumbura, kar ka tsorata, mako 2 yawanci ta sabe amma ainihin kamannin sai bayan wata 3 ko fiye. Leɓen ƙasa yakan mutu kamar ba naka ba saboda jijiyar da ta bi ta wurin, galibi yana dawowa a hankali. Kunu, koko, fura mai ruwa-ruwa, su ne abincinka. Kilishi da goro da rake sai haƙuri. Kurkure baki da maganin da aka rubuta maka bayan kowane ci, ka kwana da filo 2, kabu-kabu ma a ɗan huta mishi. Zazzaɓi, ruwa mai wari ko ciwon da ke ƙaruwa, koma asibiti ranar nan.

Allurar cika haɓa da ake talla a WhatsApp kuwa, ko ta gaskiyar shekara guda zuwa biyu take narkewa, in kuma mai gyaran gashi ta soka ta cikin jijiyar jini fatar wurin na iya mutuwa.